Zaren Bahaguwa

Abin da na fi kewa a gidajen yanzu shi ne ƙarar mazari. Dauri, idan hantsi ya ɗaga, an gama daka, an wanke tukwane, maza sun fice, sai unguwa ta yi tsit na ɗan lokaci, sa'an nan ka fara jin ta: wata 'yar siririyar ƙara kamar ta ƙudan zuma a cikin tulu, tana tasowa daga bayan kowace katanga. Mata ne ke kaɗi. Ba ka ganin kowa, amma idan kunnenka ya saba kana iya faɗin wadda ta kwana da fushin miji, da wadda ke gyangyaɗi, da amaryar da hannunta bai faɗa ba tukuna. Yanzu in na zauna a tsakar gida ba abin da ke shiga kunnena sai rediyo da injin niƙa da ƙahon mota. Jikokina mata ba wadda ta taɓa shafa alli a yatsa. Zare a wurinsu abu ne da ake saye a kanti, a naɗe jikin ɗan katako, duk iri ɗaya. Idan na ce musu a zamaninmu ana duban zare a san hannun da ya yi shi, sai su kalli juna su ce tsohuwa ta fara.

Lokacin da nake magana, Nasara ba su daɗe da shigowa Sakkwato ba. Mutane na magana ƙasa-ƙasa, kowa na tsoron bakin kowa, in an ga baƙuwar fuska a bakin rijiya sai hira ta koma ta ruwa da guga. Muna zaune wajen Ƙofar Rini mu uku: ni, da surukata da nake kira Inna, da yarinyar da ke bayana. 'Yar fari ce, ba na faɗin sunanta, ko yanzu da ta yi furfura ban fara ba. Maigidan kuwa an zo an ɗebe su, shi da waɗansu mazan unguwa, ɗaukar kayan Bature zuwa kudu. An ce wata biyu ne. Kaka ta wuce, ɗari ya shigo, ba shi ba labarinsa. Inna kuwa yanar ido ta rufe mata gani, sai da sanda take kai kanta bayan gida. Yarinyar kuma ta zo da wani busasshen tari da ba ya barin ta. A gaban mutane ko duban ta ba na yi, kunya ta hana, amma kunnena kullum yana kan numfashinta. In ta yi shiru da yawa sai in karkata kafaɗa kamar ina gyara goyo, don dai in ji ta motsa.

Abin da ke ciyar da mu auduga ce. Yayana na noma a Dundaye, sau ɗaya a shekara yake ɗoro mini kayan jaki guda, kuma babu na biyu. In gurje ta a kan dutse in fitar da angurya, in shiɓe ta da baka har ta yi laushi, sa'an nan in zauna kaɗi. Abu biyu ake kaɗawa. Akwai zare, siriri mai ƙarfi, wanda masaƙa ke miƙewa a tsaye. Shi yana cin lokaci, yana cin yatsa, kuma ba kowace mace ta iya shi ba. Akwai abawa, mai kauri da taushi, wadda ake jefawa a kwance. Ita ko yarinya ta yi wata uku da mazari tana yin ta. Wanda bai sani ba ya sani, audugar da aka kaɗa ba ta komawa auduga. In ka mai da ita zare ta zama zare, in ka mai da ita abawa shi ke nan. Saboda haka abin da mace ta zaɓa a farkon ɗari, shi za ta ci har wata kakar.

Ni 'yar zare ce, kuma bahaguwa. Mahaifiyata ta buge hannun nan har ta gaji. Ta raba ni da cin tuwo da shi, ta raba ni da miƙa abu da shi, amma ta kasa raba shi da mazari. To mazarin bahaguwa baya yake juyawa. Zaren kowa in ka murza shi dama ya ƙara ɗaurewa, nawa in ka murza dama sai ya warware. A duk unguwarmu ni kaɗai ce haka.

Matan aure ba ma fita, kasuwa kuwa a bakin dillaliya muke ganin ta. Tamu wata tsohuwa ce doguwa mai jan haƙori, kowa Gwaggo yake ce mata. Ita ke shiga gida-gida da kwando, ta kwashi abin da muka kaɗa, ta dawo mana da gero da gishiri da ɗan abin da ya samu. In ta ce kasuwa ta yi kyau, ta yi kyau. In ta ce ta faɗi, ba ka da wanda za ka tambaya. A shekarar nan, audugar Yaya ba ta fi kwana goma da sauka ba, na gama gurza ina cikin shiɓa, sai ga ta da sallama. Ta zauna a kan turmi, ta jima tana duban tarin audugar kafin ta yi magana.

"Ɗiyag ga, aje bakan ga ki saurara. Zare ya mutu."

"Wane zaren, Gwaggo?"

"Naki. Na kowa. Hwatake sun zaka da wani hwari daga kudu, cikin takarda, awa da nono anka wanke shi. Ba shi tsinkewa, ba shi da ƙulli. Masaƙa sun gani sun rikice. Yanzu shi su ka miƙewa tsaye, abawa ɗai su ka biɗa wajenmu."

Na ce, "To ragowar na bara da nik kaɗa fa?"

"Kawo shi nan. In zagaya da shi in roƙa, ko wani ya karɓa don Allah. Don yarinyag ga ni ka yi, ba don komi ba. Ki riƙa yi mani mazari guda ko biyu a wata, kar hannunki shi mance. Sauran duk ki maishe ta abawa."

Na shiga ɗaki na ɗauko mata. A nan ne na ga abin da ya hana ni sakewa. Kafin ta karɓa sai da ta goge yatsunta na goro a gefen zane, ɗaya bayan ɗaya. Kuma ba ta jefa shi cikin kwando tare da na sauran mata ba, sai ta fito da wani farin ƙyalle ta naɗe shi, ta soke a ƙugu. Na ce a raina, abin da ba mai so, me ya sa ake goge masa hannu? Da ta sunkuya ɗaukar kwandon kuma, mayafinta ya bugo mini ƙamshin turaren wuta irin na manyan gidaje. Wadda ta fito kasuwa daddawa take wari da busasshen kifi.

Da ta fita na gaya wa Inna. Inna ta ce, "Tsohuwag ga ta san abin da ag ga tukunyar kowa cikin unguwag ga. Tata ko, tun ina da ido ban taɓa ganin ta buɗe ba." Na ce to me zan yi? Ta ce, "Audugar yayanki ta, ba tawa ba." Ta juya ta ci gaba da jan tasbaha.

Kwana da kwanaki auduga na shiɓe a cikin taskira, fara sol, na kasa taɓa ta. In na ɗauki ƙaramin mazari sai in tuna in maganar Gwaggo gaskiya ce, zan cika kwando da abin da ba mai saye, damina ta same mu ba gero, nonona ya ƙafe, yarinyar da ko yanzu ba ta da nauyin kirki. In na ɗauki babba na abawa sai in ga yatsun nan ana goge su ɗaya bayan ɗaya. Ina nan zaune sai na ji ƙarar unguwa ta sauya. 'Yar siririyar nan ta ɓace, wata mai kauri ta maye ta, kamar ta buzuzu. Gida bayan gida duk sun koma abawa. Maƙwabciyata ta ɗago murya ta kan katanga ta ce, "Bahaguwa, mun ji ki shiru. Ko mazarin ya bi maigidan kudu?" Na yi dariya don kada ta ji komai, amma ranar ko furar kirki ban sha ba.

Ana haka aka yi rasuwa. Wata tsohuwar malama ce a can cikin gari, 'yar'uwar Inna ta wajen uwa, wadda matan aure ke zuwa ɗaukar karatu wurinta. Dole Inna ta je, dole kuma a sami mai riƙe mata sanda. Haka na sami fita da rana tsaka, abin da rabona da shi tun ina budurwa. Na lulluɓe har ido, yarinya a baya, Inna na biye.

Hanyarmu ta bi ta rumfar masaƙa. Suna zaune a jere, ƙafafu na hawa da sauka, zaren kowa ya miƙe har tsakiyar hanya an ɗaure shi a jikin dutse. Da muka zo dab da na ƙarshe na tsaya na sunkuya kamar majanyi ya kwance, na sa yatsa biyu na shafa. Sumul yake, sanyi, ba gargada ko ɗaya, ba ƙurar alli. Na dubi na kusa da shi, haka. Na gaba, haka. Duk rumfar ban ga zaren hannu a tsaye ba ko guda. Ashe tsohuwar ba ƙarya ta yi ba, ni ce na zauna ina zargin baiwar Allah, mata sun riga ni da kwana ashirin na abawa. Na ƙudura a raina ina komawa gida zan ɗauki babban mazari.

Mun tarar an riga an kai ta. Aka shigar da mu cikin gida wurin mata, muka yi gaisuwa, aka ba mu gefen wata tabarma. Ashe a kan tabarmar aka ɗinka likkafanin da safe. Ga al'ada ba a kawo zare daga waje, daga jikin ƙyallen ake zaro wanda za a yi ɗinkin da shi, don haka akwai 'yan guntaye warwatse ba a kai ga sharewa ba. Na sauke yarinyar don ta sha iska. Ban ankara ba sai na ga tana tauna wani abu. Na sa yatsa na zaro shi daga bakinta, ina karanta duk abin da na iya a zuci, zaren likkafani a bakin yarinya mai tari. Ina riƙe da shi, hannu da sabonsa, sai na murza shi dama.

Ya warware.

Na sake ɗaukar wani guntun a ɓoye na murza. Ya warware. Na san shi kamar yadda na san tafin hannuna, har wurin da na yi haɗi ranar da yarinyar ta yi zazzaɓi.

Ƙanwar mamaciyar na kusa da Inna, wata mata ta yaba kyan ƙyallen, sai ta ce, "Wasiyya tab bari. Tac ce ko ƙyalle guda da yab biyo hannun Nasara kar shi bi ta kushewa. Mu kau mun sha wuya kahin mu tara. Zaren hannu mai kyau ya ɓace. Dillaliyarmu ta ce macce guda ta rage mai yin irinai, wata tsohuwa can ƙetaren gulbi, sai an kwana biyu bisa hanya. Gidajen malamai nawa ka jiran ta yanzu, kowa na son shi aje nashi tun da rai."

Ina zaune, ko shekara ashirin ban kai ba, ina jin labarin tsufana. Ba a ciniki a gidan mutuwa, kuma ba ni da bakin magana a gaban manya. Na ƙulle guntun a bakin zanena. Sai da muka fito muka yi nisa na sa shi a hannun Inna na ce ta murza. Ta murza, muka yi taku kamar goma. Sa'an nan ta ce, "Ashe kin tsuhwa ban sani ba. Kuma kullum sai kin ƙetare gulbi ki zaka ki dama mani hura."

Bayan kwana uku Gwaggo ta zo. Na shimfiɗa mata tabarma, na kawo ruwa, na gaishe ta har ƙasa kamar kullum. Sai na ɗora guntun zaren a kan faifai na tura gabanta.

Na ce, "Gwaggo, ya hanyar ƙetaren gulbi? Ruwa ya janye?"

Ta dubi faifan. Ta ɓare goro, ta gutsura, ta tauna har na zaci ba za ta amsa ba. Ba kunya a fuskarta ko kaɗan.

"Wa yak kai ki gidan?"

"Mutuwa."

"To. Kin biyo ta masaƙa?"

"Na biyo."

"Kin taɓa?"

"Na taɓa."

"Ashe kin san ban yi maki ƙarya ba nan. To ji sauran, tunda kin girma. Gidajen ga ba su da yawa, kuma tsohhi na. Ɗiyansu na duban hwarin kanti suna haɗiyar miyau. Likkahwani ba riga ba na, guda ɗai mutum ka sawa. In kinka cika masu kwando bana, kowa ya saƙa nashi ya aje cikin adaka, baɗi wa za ki kaɗa ma? Ni ɗiga masu ni kai kaɗan-kaɗan don shi yi daraja. Ke kina cikin inuwa, ba ki san yadda a ka riƙon masu saye ba."

Na ce, "Darajar wajenki ta ka tsayawa, Gwaggo. Nan gero ɗai ka isowa, shi ma bai rufe gindin ƙwarya."

"Ƙahwata ka cin rana, ba taki ba."

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ban san inda gaskiyarta ta tsaya ƙaryarta ta fara ba. Gidajen nan biyar ne ko hamsin? Ban sani ba. 'Ya'yansu na son farin kanti, ko ita ce ke so in ji tsoro? Ban sani ba. In na kore ta, ba ni da ƙafa. Wata dillaliyar da zan samu ƙawarta ce, tare suke cin goro. In na bi ta, na koma tsohuwar ƙetaren gulbi har abada. Ina cikin wannan sai yarinyar ta farka a bayana ta kama tarin nan, ƙirjinta na bugun gadon bayana. Na ce a raina, baɗi ban san wanda zai gan ta ba, tarin nan kuwa na bana ne.

Na ce, "Duk zare za ni kaɗa, har ƙarshen taskira. Ke za ki kai, ba ni canza ki. Amma Inna za ta riƙa bin ki, gidajen duk danginta na, ta daɗe ba ta gaishe su ba. Ki riƙe mata sanda."

Gwaggo ta saki baki. "Makauniya za ki sa ta tsare ni?"

Inna daga bakin ɗaki ta ce, "Ido nir rasa, ba kunne ba. Kuma na hi ki sanin sunan kakanninsu."

Ta tashi ta kaɗe zane ta ce ita ba jagorar makafi ba ce, ta fita ko sallama babu. Kwana shida ban gan ta ba. A kwanakin nan na fara kaɗin, ƙaramin mazari, ni kaɗai a unguwa da siririyar ƙara, kowane zagaye ina jin kamar abincinmu nake jefawa rijiya. Maƙwabciyata ta ce ta kan katanga, "Wagga kau, wa zai gaya mata an yi sallar idi an watse?" Ran na bakwai sai ga sallamar Gwaggo. Ba ta dube ni ba. Ta ce, "Ina tsohuwar? Ta ɗauko sandarta, rana na yi."

Na kaɗa har yatsuna suka tsage, ina cusa musu man kaɗe ina ci gaba. Abawa kuwa da kowa ya koma mata sai ta cika gari, masaƙa suna zaɓe suna yatsina. Mu gidanmu gero ya shigo, man shanu ya shigo, har zuma Inna ta dawo da ita a ɗan ƙoƙo, ina lasa wa yarinyar da safe. Ko zumar ce, ko cikin uwa da ya cika ne, Allah ya sani, tarin dai ya tafi kafin ruwan farko. Maigidan ya dawo bayan damina, ya rame, ƙafa duk faso, ya tarar da yarinyar tsaye ta dafa turmi.

Amma maganar Gwaggo ma ba ta faɗi ƙasa ba. Shekaru kaɗan adakokin suka cika, tsofaffin suka bi juna, 'ya'yansu suka koma farin kanti ba wanda ya ce musu don me. Ni ma daga baya na kaɗa abawar, da ita ma ta mutu na koma ƙuli-ƙuli. 'Yan yanzu da ke fita da ƙafarsu su ga kasuwa da idonsu suna ganin sun fi mu sani, amma ina jin su suna dawowa suna cewa an ce kaza zai yi tsada, an ce kaza zai faɗi. Wa ya ce? Ba su sani ba. Mu aƙalla mun san fuskar mai ce mana, mun san warin mayafinta.

Ni da Gwaggo mun yi shekaru muna aiki tare, ban ƙara yarda da ita ba, ita ma ba ta nemi in yarda ba. Da ciwon ajali ya kwantar da ita ta aiko jikarta, matar aure, ta durƙusa ta ce, "Ta ce a gaya ma tsohuwar ƙetaren gulbi, in da saura, kar a sa ta cikin na kanti." Akwai saura. Na ba ta, ban karɓi komai ba.

Nawa likkafanin yana nan cikin adaka a ƙarƙashin gado, tun ina da ƙarfin yatsa na kaɗa shi na ba da aka saƙa. Ya ɗan yi ja don daɗewa. Jikokin nan sun sha cewa in bari su sayo mini sabo fari mai kyau, wannan ya tsufa, abin kunya ne a gaban mutane. Na ce a'a. Sun ce to. Amma na ga yadda suka kalli juna da suka ce to ɗin. Shi ya sa duk ranar da suka share mini ɗaki, ina bari sai sun fita, in jawo adakar, in laluba gefen ƙyallen, in zaro zare guda in murza shi dama.